Yarjejeniyar da ba wanda ya sa wa hannu: me ya wajabta wa talaka bin hukuma?

Ranar 20 ga Janairu 1649 aka shigo da Sarkin Ingila, Charles na Ɗaya, babban zauren Westminster da ke Landan domin a yi masa shari'a. Sojojin majalisa sun ci shi da yaƙi, sun tsare shi, ga shi yau gaban alƙalai ana tuhumarsa da cin amanar ƙasa. Bai cire hula ba, bai amsa laifi ba, bai kuma musanta ba. Tambaya guda ya riƙa maimaita musu: da wane iko kuka kawo ni nan? Ya ce ya san iko iri-iri ne a duniya, har ɓarayi da 'yan fashin kan hanya suna da nasu, shi halastaccen iko yake tambaya. Bayan kwana goma aka sare masa kai a bainar jama'a.

Tambayar da ya yi wa alƙalansa ita ce talaka ke da damar yi wa kowane mai mulki. Ɗan fashi ya tsare ka da bindiga ya ce kawo kuɗi, ka ba shi. Jami'in haraji ya zo shagonka ya ce kawo kuɗi, in ka ƙi a garƙame shagon, shi ma ka ba shi. Duka biyun da tsoro a ciki. Amma yawancin mutane suna jin cewa na farkon fin ƙarfi ne kawai, wanda in ka sami kafar tsira ka tsira ba laifi, na biyun kuwa akwai wani nauyi a wuyanka ko da ba wanda zai kama ka. Daga ina wannan nauyi ya fito? A kansa ne masana siyasa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kokawa, kuma amsar da ta fi yin suna ita ce wadda ake kira yarjejeniyar zaman tare.

Kafin ita, amsar da sarakunan Turai suka fi so mai sauƙi ce: Allah ne ya ɗora sarki, wanda ya saɓa masa ya saɓa wa Allah. Mu ma ba baƙonmu ba ne, don har gobe ana cewa bin na gaba bin Allah ne. Matsalar ta taso da yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642, inda kowane ɓangare ya rantse Allah na tare da shi, kowa da ayarsa da limaminsa. Dole aka nemi hujjar da za ta ci kowa, mai bin wannan ɗarika da mai bin waccan.

Thomas Hobbes ne ya fara tsara ta tsaf. An haife shi a 1588, shekarar da jiragen yaƙin Sifen suka nufo Ingila, har ya ce mahaifiyarsa tagwaye ta haifa, shi da tsoro. Da ya ga hadari ya haɗu a 1640 ya gudu Faransa, a can ya rubuta littafinsa Leviathan da ya fito a 1651. A bangon littafin akwai zanen wani ƙaton sarki da ya leƙo daga bayan tsaunuka, takobi a hannu ɗaya, sandar babban limamin coci a ɗaya hannun. In ka matso da ido sai ka ga jikinsa duk ƙananan mutane ne cunkushe, kowa ya ba ka baya yana kallon fuskar sarkin. Hujjar littafin kaf tana cikin wannan zane.

Hobbes ya ce mu ƙaddara babu sarki, babu alƙali, babu ɗan sanda. Mutane ba su fi juna wani ƙarfi na a zo a gani ba, don ko rago zai iya kashe jarumi, ko ta yi masa kwanton ɓauna ko ta haɗa baki da wasu. Ba sai mutane sun kasance miyagu ba. Ya isa kawai ka kasa sanin abin da ke zuciyar maƙwabcinka. Tunda ba ka sani ba, hankali zai ce ka riga shi, shi ma hankalinsa haka zai gaya masa. A irin wannan zaman kara zube ba mai noma, tunda bai san wa zai girbe ba, ba mai gini, ba mai fatauci, rayuwa ta zama ta kaɗaici da tsiya da ƙazanta da dabbanci, ga kuma gajarta. Wanda ya ce ya munana wa ɗan Adam zato, Hobbes ya ce ya dubi kansa: in zai yi tafiya yana ɗaukar makami, in zai kwanta yana kulle ƙofa, ko a cikin gidansa yana kulle akwati, alhali akwai doka da hukuma.

Mafita a wurinsa ita ce kowa ya ce wa kowa: na ajiye 'yancina na mulkin kaina na miƙa wa wannan mutum ko wannan majalisa, bisa sharaɗin kai ma ka ajiye naka. A lura da kyau, yarjejeniyar tsakanin talakawa ce ya-su-ya-su. Mai mulki ba ya cikinta, don haka ba za a ce ya karya ta ba. Duk zaluncin da zai yi, in ji Hobbes, bai kai masifar yaƙin basasa ba. Sai dai ya bar ƙofa guda a buɗe, wadda ta fi yadda ake zato faɗi: wajibcin biyayya yana nan ne muddin mai mulki na da ƙarfin kare ka, daga ranar da ƙarfin ya ƙare shi ma ya ƙare. Shi kansa ya yi aiki da wannan fatawa. Bayan fitowar littafin ya koma Ingila ya miƙa wuya ga gwamnatin da ta sare kan sarkinsa, tunda a lokacin ita ke riƙe da takobi.

John Locke bai yarda ba, kuma martaninsa ya fi kowanne kaifi. Ya ce a ce mutane sun miƙa komai ga mutum ɗaya da doka ba ta hawa kansa, daidai yake da a ce sun yi wautar guje wa ɓarnar bodari da yanyawa, sai suka ga tsira ce su bari zaki ya cinye su. Locke ya yi gudun hijira zuwa Holan a 1683, ya dawo bayan an kori Sarki James na Biyu a 1688, littafinsa kan mulki ya fito a 1689 ba tare da sunansa ba. A wurinsa mutum yana da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin a kafa wata hukuma. Abin da ya rasa shi ne alƙali marar son kai, don in kowa ne alƙalin kansa rigima ba ta ƙarewa. Saboda haka mutane suka kafa gwamnati suka ba ta amana, da iyaka. Ba za ta taɓa dukiyarsu ba sai da yardar wakilansu. In ta ci amanar, iko ya koma hannun masu shi. Wannan tunani ne ya fito ƙarara a takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776, inda aka ce gwamnati daga yardar waɗanda ake mulka take samun halastaccen ikonta. (Locke ɗin nan mai wa'azin 'yanci yana da hannun jari a kamfanin Ingila da ke safarar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Ba da kowa ake yarjejeniyar ba ke nan tun farko.)

To amma yaushe ni da kai muka yarda? Locke ya san nan ne raunin yake, sai ya kawo yardar shiru. Ya ce duk wanda ya mallaki fili a ƙasa, ko ya kama ɗaki na mako guda, kai ko tafiya kawai ya yi a kan hanyarta, to ya nuna amincewa da dokokinta. Wannan hujja tsohuwa ce. A 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da aka yanke wa Sukurat, masanin falsafar Girka, hukuncin kisa a birnin Atina, abokansa suka shirya masa hanyar gudu, ya ƙi, ya ce shekara saba'in yana zaune a garin, ƙofa a buɗe bai fita ba, zamansa alkawari ne. Mai karatun fikihu zai gane inda gizo ke saƙa. An karɓi shirun budurwa a matsayin izini a sha'anin aure, amma don an tambaye ta ne, ta san abin da ake tambaya, kuma tana da bakin cewa a'a. In babu waɗannan, ƙa'ida ita ce ba a jingina wa mai shiru magana. Ɗan ƙasa kuwa ba a tambaye shi ba, haihuwarsa kawai aka yi a wurin.

Jean-Jacques Rousseau, ɗan Janiba, ya bi wata hanya a littafinsa na 1762, wanda hukumomin garinsu suka ƙona a shekarar. Ya ce ƙarfi ba ya haifar da haƙƙi: in ɗan fashi ya tsare ni a daji dole in miƙa jaka, amma in na iya ɓoye ta ba abin da lamiri zai tuhume ni da shi. Dokar da ta wajaba a kaina ita ce wadda nake cikin masu yin ta, don mai bin dokar da ya yi wa kansa ba bawa ba ne. Ya yi wa Ingilawa ba'a cewa suna zaton su 'yantattu ne, alhali ranar zaɓe kaɗai suke da 'yanci, ana gama zaɓe sun koma bayi. Amma shi ne kuma ya ce wanda ya ƙi bin muradin gamayya a tilasta masa zama 'yantacce, jimlar da masu mulkin kama-karya ba su taɓa rasa amfanin da za su yi da ita ba.

Wanda ya yi wa ginin duka rugu-rugu shi ne David Hume na Sukotlan, a wata gajeriyar maƙala ta 1748. Ya ce a duba tarihi: kusan duk gwamnatin da ke duniya da ƙwace ko cin yaƙi aka kafa ta. In ma kakanni sun taɓa yin wani alkawari, me ya ɗaure jikoki? Batun cewa zama yarda ne kuwa, ya ce talakan da bai san yaren wata ƙasa ba, wanda ke cin na yau da guminsa na yau, a ce masa in bai yarda ba ya tashi, kamar mutumin da aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, sannan a ce ya amince da mulkin matuƙin tunda bai yi tsalle ya faɗa teku ba.

Tarihinmu yana bayan Hume. A watan Maris 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, Lugard ya tara manyan gari ya faɗa musu magana ba kwana-kwana: Fulani da yaƙi suka ci ƙasar nan, da shi suka sami ikon karɓar haraji da naɗa sarki da tuɓe shi, yanzu an ci su da yaƙi, ikon ya koma hannun Ingila. Ko ba komai bai yi ƙaryar cewa an yarda ba. A 1914 aka haɗe Kudu da Arewa ba tare da an ji ta bakin kowa ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya buɗe da “mu al'ummar Tarayyar Najeriya”, alhali dokar soja mai lamba 24 ta gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa shi, ba a yi ƙuri'ar raba-gardama ba. A Nijar an yi ƙuri'ar a kan kundin 2010, amma hakan bai hana sojoji jingine shi ba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Da ta tabbata yarjejeniyar ba labarin abin da ya auku ba ce, masu kare ta suka sauya mata aiki. Immanuel Kant a 1793 ya ce ma'auni ce: mai yin doka ya tambayi kansa, shin wannan doka abu ne da jama'a duka za su iya yarda da shi? John Rawls na Amurka ya faɗaɗa wannan a 1971. Ya ce ka ƙaddara za a tsara dokokin ƙasa kana bayan labule, ba ka san ko za ka fito ɗan sarki ko almajiri ba, mace ko namiji, mai lafiya ko gurgu. Tsarin da za ka zaɓa a wannan hali shi ne na adalci. Ma'aunin yana da kyau wajen auna doka, amma ba ya ɗaure kowa, don alkawarin da “da an tambaye ka da ka yi” ba alkawari ba ne. Rawls da kansa bai dogara da yarda ba a nan. Ya ce abin da ke kan kowa shi ne ya tallafa wa tsari muddin na adalci ne.

Akwai wata hujjar da na fi ganin ƙarfinta, wadda masanin shari'a H.L.A. Hart ya tsara a 1955, kuma duk mai zama a unguwa ya san ta. Sata ta yi yawa, masu unguwa suka zauna suka ɗauki 'yan sintiri, aka yanka wa kowane gida abin da zai riƙa bayarwa a wata. Sakatare na yawo da littafi gida-gida. Akwai Alhaji guda da kullum in an je sai a ce ba ya nan, ran da aka ritsa shi a ƙofar gida ya ce shi ba ya wurin taron, bai ce a ɗauki kowa ba. Gaskiya ya faɗa. Amma usur ɗin da ake busawa da tsakar dare har ƙofarsa yake kaiwa, motarsa a waje take kwana lafiya, da kuɗin bazawarar da ke sayar da ƙosai a bakin layi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A wannan fahimta, maƙwabtanka da suka ɗauki nasu kason su ne ke bin ka bashin biyayya, mai mulki ɗan aike ne kawai. Robert Nozick ya yi raddi a 1974 cewa ba daidai ba ne a cusa wa mutum alherin da bai nema ba sannan a kawo masa lissafi. Raddin yana cin abin marmari, amma ba ya cin tsaro, don ba wanda zai rantse ba ya bukatar ya kwana da rai. Sai dai hujjar takobi ce mai kaifi biyu: inda amfanin bai isa ba, bashin ma bai hau ba.

Musulmi ba sa bukatar zuwa Landan su ji cewa biyayya da sharaɗi take. Mubaya'a ƙulli ne mai ɓangare biyu. Da aka yi wa Sayyidina Abubakar a shekarar 632, a huɗubarsa ya ce an ɗora shi ba don ya fi kowa ba, in ya kyautata a taimake shi, in ya karkace a miƙar da shi, a bi shi muddin yana bin Allah da ManzonSa, in ya saɓa babu biyayya a kan kowa. Mawardi, alƙalin Bagadaza da ya rasu a 1058, ya kira shugabanci ƙulli, ya lissafa ayyuka goma da ke kan shugaba, ciki har da tsare ƙasa don mutane su fita neman abinci cikin aminci, ya ce in ya sauke su ne biyayya da taimako suke wajaba a gare shi. Bambancin da ke akwai shi ne a nan ƙullin yana zaɓen mai zartar da shari'a ne, ba shi ke ƙirƙirar ta ba. Kuma tsoron fitina ya kai malamai da yawa inda ya kai Hobbes. Ibn Taimiyya ya kawo zancen da ake cewa shekara sittin ƙarƙashin azzalumin shugaba ta fi dare ɗaya babu shugaba.

Inda duk waɗannan hujjoji ke fuskantar jarrabawa a yau shi ne ƙauyukan Zamfara da gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga ke yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin girbi, wani lokaci har su yi alkawarin hana wata daba shigowa. Mai gari ya bi gida-gida ya tara, a kai daji. In kariya kaɗai ce tushen biyayya, to Hobbes ya shiga uku, don ma'auninsa ya sallami manomin daga gwamnatin da ta kasa kare shi ya miƙa shi ga mai bindiga. Shi bai ma ji kunyar faɗa ba: ya rubuta cewa alkawarin da tsoro ya sa aka yi yana ɗaurewa, har kuɗin fansa da ka yi wa ɓarawo alkawari, sai in dokar ƙasa ta warware maka. Augustine, malamin Kirista ɗan Arewacin Afirka, ya riga shi ganin ramin da sama da shekara dubu, inda ya ce daula in aka cire mata adalci gungun 'yan fashi ce babba.

A ganina, abin da ya raba haraji da kuɗin daji abu ne da Locke ya fi kusa da shi. Mai karɓar haraji doka ta yanka masa abin da zai karɓa, dokar tana hawa kansa, akwai inda za ka kai ƙararsa, akwai ranar da za ka iya tuɓe uban gidansa ba tare da zubar da jini ba. Gwargwadon yadda waɗannan suke aiki da gaske, gwargwadon nauyin biyayyar. Haramcin kisa da sata bai taɓa jiran gwamnati ba, yana nan ko tana nan ko ba ta nan. Amma manomin da ya kai kuɗi daji don 'ya'yansa su ci tuwo bai ci amanar kowa ba, kuma jami'in da bai taɓa kwana a garin ba ba shi da bakin kiransa mai haɗa baki da 'yan ta'adda.

Kundin 1999 ya rubuta nasa ɓangaren alkawarin baro-baro. Sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sai dai sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kan babin da wannan magana take ciki. Wanda bai biya haraji ba ana iya gurfanar da shi, gwamnatin da ba ta ba da tsaro ba kuwa ba a iya gurfanar da ita a kan wannan sashe. Abin da ya rage wa talaka shi ne akwatin zaɓe, kuma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne suka kaɗa ƙuri'a, wanda ya ci kuma da ƙuri'a miliyan 8.8 ya ci.